Maganin Tsirrai da Ciwon Ƙin Abinci: Bayani Ga Hakimai da Magatakardansu

Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar wani abinci, kamar gyaɗa ko ƙwai ko madara ko kifi. Da zarar sun ci, sai jiki ya ɗauki abincin nan tamkar maƙiyi, ya tasam masa da yaƙi. Daga nan sai borin jini ya fito, leɓe ya kumbura, wani lokaci maƙogwaro ya toshe har numfashi ya gagara. A ƙasar Daura, inda ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa ba su yankewa a gida, wajibi ne shugabanni su san wannan al'amari.

Masana sun daɗe suna neman maganinsa a cikin tsirrai. A asibitin Mount Sinai na birnin New York, a Amurka, Dokta Xiu-Min Li da abokan aikinta sun haɗa magunguna tara na gargajiyar ƙasar Sin, har da citta da kirfa. A shekarar 2005 suka ba da labari cewa ɓerayen da suka sa wa ciwon ƙin gyaɗa, suka kuma ba su haɗin nan, sun ci gyaɗa ba abin da ya same su. Waɗanda ba a ba su ba kuwa, ciwon ya kama su sosai. Daga baya aka gane wani sinadari rawaya mai ɗaci a cikin haɗin, watau berberin, yana rage garkuwar nan da ke tayar da ciwon.

Amma fa ɓera ba mutum ba ne. Da aka gwada haɗin a kan mutum 68, kowa yana haɗiyar ƙwaya 30 kullum har wata shida, sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna maganin bai cuce su ba, amma ba a ga ya kare su ba. Da yawa ma sun kasa jure shansa yadda aka tsara.

Saboda haka ana roƙon hakimai su sanar da dagatai da masu unguwa abu uku:

1. Duk wanda ya zo kasuwar Daura ko Mai'aduwa ko Zango da ƙullin gari yana cewa likitoci sun tabbatar yana warkar da ƙin abinci, kada a gaskata shi.

2. Wanda wani abinci ya taɓa kumbura shi, ya guje shi, kada a sake ba shi don gwaji.

3. In numfashi ya fara sarƙewa, kada a tsaya jiƙa sassaƙe. A garzaya da shi Babban Asibitin Daura ko asibiti mafi kusa, gama allurar adirenalin ita ce ke ceton rai a wannan hali, jinkiri kuwa yana iya kisa.

Magatakarda su karanta wannan takarda a bainar jama'a ranar kasuwa.