Me ke sa yaro ya ɗauki bindiga?

Iyaye da 'yan'uwa, tun da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin soja da dakarun RSF, kowane ɓangare yana neman matasa. Wasu an tafi da su da ƙarfi. Wasu da ƙafarsu suka je, kuma a kansu ne wannan bayani.

Yawancinsu ba mugunta ce ta kai su ba. Saurayin da ya saba fita neman kuɗi a kasuwar Omdurman, ko yana karatu, yau makaranta a rufe, ga shi yana bin layin abinci a bayan mahaifiyarsa. Wannan kunyar tana cin rai fiye da yunwa. Sai wani ya zo masa da maganar albashi da kaki, ya ce masa "kai namiji ne".

Ga kuma ɗaukar fansa. Wanda ya rasa ɗan'uwa a harin kasuwar Goro da ke Mayo a Satumba 2023, inda mutum fiye da 40 suka mutu, ba sai an daɗe ana lallashinsa ba. Mu Hausawa muna da tsohon ciwo a kan wannan: rikicin Blue Nile na Yuli 2022, da masu ce mana baƙi a ƙasar da aka haifi kakanninmu. Masu ɗibar yara sun san wannan ciwon, da shi suke shiga. Saƙon murya a WhatsApp, bidiyon gawa a Facebook, a ce in ba ka tashi ba za a ƙarar da danginka.

Sau da yawa ma aboki ne ke jan aboki. Ra'ayin siyasa daga baya yake zuwa.

Ku lura idan yaro ya daina zama cin abinci da ku, yana ɓoye waya, ko kun ga kuɗi a hannunsa ba ku san tushensu ba, ko ya fara cewa wata ƙabila duka maƙiya ne. Kada ku doke shi, kada ku kore shi. Korar tana miƙa shi hannunsu ne. A samu kawunsa ko malamin da yake jin nauyi ya zauna da shi, a kuma ba shi wani aiki da zai riƙe.

Dokar Yara ta Sudan ta 2010 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba cikin aikin soja. Idan an tuntuɓi ɗanku, ku zo ofishin kariya. Akwai tafinta, kuma maganar sirri ce.