Tafiya Gidan Kallo da ƙananan yara

A manyan biranen duniya akwai wuraren da aka gina musamman don iyaye su kai ƴaƴansu lokacin hutu. Ana kiransu wuraren shaƙatawa. Kowane yana da abu guda da aka gina shi a kansa: wani tatsuniyoyi, wani dabbobi, wani kuma tarihi. Wanda ya fi suna shi ne Disneyland, wanda aka buɗe a Amurka a shekarar 1955. A 1992 aka buɗe irinsa kusa da birnin Paris, a ƙasar Faransa.

Mu ma a Nijar muna da namu wurin. Shi ne Gidan Kallo na ƙasa da ke Yamai, wanda mutane da yawa ke kira Muze. Abin da aka gina shi a kansa kuwa shi ne ƙasarmu kanta. Sai dai Yamai tana da nisa ga yawancinmu, kuma tafiya da ƙananan yara ba kamar tafiyar manya ba ce. Idan ba a shirya ba, yawon da aka fita don murna yana iya ƙarewa da kuka. A wannan darasi za mu ga yadda iyali ke shirya irin wannan tafiya, da aikin da ya rataya a wuyan kowane yaya da kowace yaya.

Me za a gani?

An kafa Gidan Kallo a shekarar 1959. Yau yana ɗauke da sunan Bubu Hama, wanda ya yi aikin malamin makaranta, ya rubuta littattafai masu yawa, ya kuma shugabanci majalisar dokokin ƙasa. Filin gidan ya kai hekta 24, ba nisa da kogin Kwara.

A ciki akwai ɗakunan da aka ajiye tufafi da kayan kiɗa da makaman mutanen da. Akwai gidaje irin na al'ummomin ƙasar, daga ɗakin ƙasa zuwa bukka da tantin makiyaya. Akwai maƙera da dukawa da masaƙa suna aikinsu a gaban jama'a. Akwai kuma dabbobi masu rai: zaki da kura da dorina da kada da birai.

Abubuwa biyu sun fi tsayawa a zuciyar yara. Na farko, ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu shekaru miliyan 100 da suka wuce, tun ba a yi mutum ba. An tono su a Gadufawa, cikin jihar Agadas. Wurin hamada ne yau, amma a wancan zamani koguna ne da itatuwa. Cikinsu har da ƙasusuwan wani kada wanda tsawonsa ya fi mita 9.

Na biyu shi ne Icen Tenere. Wannan ice ya daɗe yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar hamada, a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Saiwoyinsa sun nutsa fiye da mita 30 don neman ruwa. Masu raƙuma suna gane hanya da shi, ba mai karya reshensa. A shekarar 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi. Sai aka ɗauko gangar jikinsa aka kawo Yamai, aka yi masa rumfa.

Wane lokaci ya kamata a tafi?

Abu na farko da iyaye ke dubawa shi ne lokaci. A watan Afirilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40. Babba yana iya daurewa, amma jikin ƙaramin yaro yana saurin rasa ruwa. Babban hutu kuma yana faɗowa cikin damina. Lokacin aikin gona ne, sauro ya yi yawa, ruwan sama kuma yakan ɓata hanya.

Saboda haka hutun ƙarshen watan Disamba ya fi dacewa. An gama girbi, akwai ɗan abin hannu, rana kuma ba ta da zafi sosai. Amma lokacin hunturu ne. Dole a ɗauki rigar sanyi da hula, domin sanyin asuba da ƙura suna sa yara mura da tari.

Lissafin kuɗi

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Kafin a sayi tikiti, mai gida da uwargida sukan zauna su yi lissafi. Ga abubuwan da ake rubutawa: kuɗin mota na zuwa da na dawowa, kuɗin abinci a hanya, kuɗin taksi a cikin gari, kuɗin shiga Gidan Kallo, kuɗin tsaraba, da wani abu da za a ajiye saboda rashin lafiya.

Kuɗin dawowa daban ake ɗaure shi, ba a taɓa shi ko da me aka gani a kasuwa. Wanda ya kashe kuɗin komawa gida ya zama nauyi ga mai masaukinsa. Yana da kyau kuma a fara tari tun da watanni, ko a asusu ko a adashi. Yara ma suna iya sa hannu. Wanda ke jefa dala 5 a asusu kowace rana, bayan kwana 40 ya tara dala 200, wato jika guda, sefa 1000.

Yawancin iyalai wurin dangi suke sauka. Ladabi ne a sanar da su tun da wuri, a faɗa musu ranar zuwa da yawan mutane da kwanakin da za a yi. A roƙe su kuma su tambayo ranaku da lokutan da ake buɗe Gidan Kallo, da kuɗin shiga na manya da na yara. Ba a zuwa gidan mutane hannu sake: ɗan gero ko wake ko ƙuli-ƙuli ya isa.

Guzuri da kaya

Kayan da ya fi kowane muhimmanci shi ne ruwan sha mai tsabta. Sai abincin da ba ya saurin lalacewa, kamar burodi da dabino da gyaɗa da ƙwai dafaffe. A sa wa kowane ƙaramin yaro tufafin canji a jakar hannu, tare da zane da sabulu da leda. Kada a sa su cikin babban kaya, domin ba a buɗe wannan sai an isa.

A ɗauki gidan sauro. A ɗauki katin asibitin yara da takardunsu na haihuwa, manya kuma katin ɗan ƙasa, saboda ana duba takardu a hanya. Idan yaro yana zazzaɓi ko zawo kafin ranar tashi, a kai shi gidan likita, a ɗaga tafiyar. Gidan Kallo ba ya gudu.

Idan zawo ya kama yaro a hanya, abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Maganin farko shi ne ruwan gishiri da sukari. Ana sayar da garinsa a ƙunshe a gidan magani. Idan babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. A riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan har a isa wurin likita. Mai shan nono kuma a ci gaba da ba shi nono.

A kan hanya

Bari mu ɗauki misalin iyalin da suka tashi daga Maraɗi. Tsakanin Maraɗi da Yamai akwai wajen kilomita 660. Manyan motocin fasinja tun da asuba suke tashi, kuma tafiyar takan ci kusan wuni guda. Daga Damagaram kuwa nisan ya kusa kilomita 900. Kafin ranar, mai gida yakan tambayi labarin hanya a tasha. Da yara ba a tafiyar dare.

Zama wuri ɗaya yana gajiyar da ƙaramin yaro. A nan ne yaya ke da amfani. Yana iya yi wa ƙanensa tatsuniya ko kacici-kacici. Yana iya nuna masa garuruwan da ake wucewa: Gidan Rumji, Madawa mai tabarmi, Galmi mai albasa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Birnin Gaure. Idan an wuce Birnin Gaure aka kusa Kure, sai kowa ya zuba ido ta taga. A wannan yanki ne raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage. A shekarar 1996 ba su wuce 50 ba. Da aka kare su, sai suka ƙaru har suka haura 600. Mai sa'a yakan hango su suna cin ganye a bakin hanya.

Ba a fitar da kai ko hannu ta taga. Idan mota ta tsaya don salla ko cin abinci, ƙananan yara ba sa sauka sai da babba. A fara kai su bayan gida, a wanke musu hannu da sabulu, sannan a ci abinci. Kafin mota ta tashi, uwa ta ƙidaya ƴaƴanta.

A cikin Gidan Kallo

Kada a je ranar da aka iso. A bar yara su yi barci su huta. Washegari a fita da safe, tun rana ba ta yi zafi ba.

Babban hatsari a wurin taro shi ne ɓacewar yaro. Yaro ɗan shekara 3 ko 4 idan ya ga biri, mantawa yake da kowa, ya bi abin da idonsa ke so. Minti ɗaya ya isa. Ga dabaru huɗu da ke hana wannan. Na ɗaya, kowane ƙarami a ba shi babba ko yaya guda da zai riƙe hannunsa, kuma kowa ya san wanda aka ba shi. Idan aka ce kowa ya lura, ba wanda zai lura. Na biyu, a rubuta sunan yaro da na mahaifinsa da lambar waya a takarda, a sa masa a aljihu. Na uku, da an shiga a nuna wa kowa wurin haɗuwa, misali bakin ƙofa. Na huɗu, a koya wa yaro cewa idan bai ga iyayensa ba ya tsaya inda yake, ya gaya wa ma'aikacin gidan, kada ya bi wanda bai sani ba zuwa waje. A Yamai ana jin Zabarmanci da Hausa da Faransanci, saboda haka zai sami mai fahimtarsa.

A wajen dabbobi akwai doka. Ba a zura hannu cikin keji, ba a hawa shinge, ba a jifa, ba a tsokana. Kada yakan kwanta shiru kamar gungume, amma ya fi yaro sauri. Biri kuma yana fizge abin da ke hannun mutum, yana cizo. Waɗannan dabbobi an raba su da dajinsu don mu gan su, bai kamata mu ƙara musu wahala ba.

Da ƙafar ƙarami ake auna yawon. Idan auta ya gaji, kowa ya zauna a inuwa, a sha ruwa. Ba dole ne a ga kome a rana ɗaya ba. Gara a ga abu biyar da kyau da a ga ashirin a guje, yara suna kuka. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan an dawo gida, tafiyar ba ta ƙare ba. Ɗalibi ya zana abin da ya gani, ya rubuta sunayen garuruwan da ya ratsa, ya ba ƴan ajinsu labari. Ta haka wanda bai samu zuwa ba shi ma zai ƙaru.

Kalmomi

gidan kallo: le musée
wurin shaƙatawa: le parc d'attractions
guzuri: les provisions de route
raƙumin dawa: la girafe
dorina: l'hippopotame
takardar haihuwa: l'acte de naissance

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kafa Gidan Kallo na Yamai?
2. Me ya sa masu raƙuma ba sa karya reshen Icen Tenere?
3. Don me hutun Disamba ya fi dacewa da tafiya da ƙananan yara?
4. Me ya sa ake ɗaure kuɗin dawowa daban?
5. Me za ka yi idan ka duba ba ka ga iyayenka ba a cikin taro?

Aiki

1. A ce kuɗin motar babba jika 10 ne, na yaro kuma rabin haka. Nawa uba da uwa da yara 3 za su biya zuwa da dawowa?
2. Duba taswirar Nijar, ka bi hanya da yatsa daga garinku har Yamai. Rubuta sunayen manyan garuruwan da ke kan hanyar da Hausa, sannan da Faransanci.