Lissafin Ɗaiɗaiku a Jami'a da Matsalar Harshen Kafa Hujja

A kasuwa akwai kayan da ake aunawa, akwai kuma waɗanda ake ƙirgawa. Man gyaɗa da kwalba ake auna shi, ana iya ba da rabin kwalba, ko rabin rabi, ko abin da bai kai haka ba. Goro kuwa ƙirga shi ake yi, ɗari ne ƙwarya guda. Haka nan wuri a zamanin da shi ne kuɗi, dubu ashirin ne keso. Tsakanin goro na bakwai da na takwas babu wani goro. A kan wannan bambanci ne masana suka kasa ilmin lissafi gida biyu. Akwai lissafin abin da yake miƙe ba yankewa, kamar gudun ruwa da shuɗewar lokaci, wanda kalkulas ke kula da shi. Akwai kuma lissafin abubuwan da suke rarrabe, kowane da kansa, wanda Turawa ke kira diskirit. A wannan maƙala an kira shi lissafin ɗaiɗaiku.

Fannin ya ƙunshi mantiƙi, da nazarin rukunai, da dabarun ƙirga yawan hanyoyin da za a iya jera abubuwa ko zaɓensu, da kuma nazarin ɗigo da layi, watau zanen da ke nuna wane ne ke haɗe da wane. Tushen na ƙarshen nan sananne ne. A 1736 Leonhard Euler ya rubuta maƙala game da gadoji bakwai na birnin Konisbag, wanda yanzu yake cikin Rasha da sunan Kaliningirad, inda ya nuna cewa ba zai yiwu mutum ya bi ta kan kowace gada sau ɗaya tak a tafiya guda ba, domin kowane ɗaya daga yankunan birnin huɗu yawan gadojinsa mara ne, ba cika ba. Amma fannin bai sami kujerarsa a manhajar jami'a ba sai da kwamfuta ta zo, don ita na'ura ce da ba ta san komai ba sai sifiri da ɗaya. A 1957 John Kemeny da abokan aikinsa biyu na kwalejin Datmos a Amurka suka fitar da littafin koyarwa a kan irin wannan lissafi, sa'an nan a 1968 ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta sa shi cikin manhajar da ta tsara wa jami'o'i. Ta wannan ƙofa ya shigo jami'o'in Nijeriya, inda masu karatun kwamfuta ke haɗuwa da shi, galibi a shekara ta biyu ko ta uku.

Abin da ke ba ɗalibi mamaki shi ne lambobin fannin ƙanana ne, amma wuyarsa babba. A sakandare an saba masa da cewa lissafi shi ne a ba shi ƙa'ida, ya zuba lambobi, amsa ta fito. A nan kuwa sau da yawa ana ba shi amsar tun farko, a ce ya kafa hujjar cewa lalle haka abin yake, kuma ba zai taɓa zama akasin haka ba.

Misali mafi kusa da gida shi ne hatimi. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa da wuya a ce bai taɓa ganin hatimi mai gida tara ba, wanda ake zuba lambobi daga 1 zuwa 9 a cikinsa ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Wanda ya haddace shi ya san 5 ce a tsakiya. Tambayar jami'a ita ce, don me ba za a iya sa wata lamba a wurin ba? Ga yadda hujjar take. Layi huɗu ne ke ratsawa ta gidan tsakiya, jimillarsu 60. Layukan nan huɗu sun taɓa kowane gida sau ɗaya, in ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Jimillar 1 zuwa 9 kuwa 45 ce. Ke nan rarar 15 da ta saura ita ce lambar tsakiya ninki uku, watau 5. Ba a gwada ko da hatimi ɗaya ba, amma an rufe ƙofa ga dukkan sauran lambobi takwas.

Ba da ka aka kawo misalin hatimi ba. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya bar Katsina ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741, ya rubuta littafi da Larabci wajen 1732 a kan hanyoyin gina hatimi mai mara, irin mai gida uku-uku da biyar-biyar da bakwai-bakwai. Ko da yake an fi danganta hatimi da sha'anin asiri, abin da malamin ya tsara ƙa'idoji ne na bi-da-bi, irin waɗanda ake koya wa ɗalibin kwamfuta rubutawa a yau. Yawan hatimai ma tambaya ce ta wannan fanni. In an ɗauki hatimi da juyinsa a matsayin abu guda, mai gida uku-uku ɗaya ne tak, mai huɗu-huɗu 880 ne, mai biyar-biyar kuwa 275,305,224 ne, adadin da ba a samu ba sai a 1973 da taimakon kwamfuta.

To, hujja da jimloli ake gina ta, kuma a nan ne abin ya shafi masu nazarin harshe. Ɗalibin da ya kasa kafa hujja, sau da yawa ƙananan kalmomi ne suka kayar da shi, irin su "idan" da "duk" da "akwai" da "ko". Uba ya ce wa ɗansa, "Idan ka ci jarrabawa zan saya maka keke." Yaron zai fahimci cewa in ya faɗi babu keke, kuma a zancen yau da kullum ya yi daidai. A mantiƙin lissafi kuwa uban bai ce komai ba game da faɗuwa. In yaron ya faɗi aka saya masa keken, ba a karya magana ba. Haka kuma "kowane ɗa yana da uwa" gaskiya ne, "akwai uwa ɗaya wadda ta haifi kowane ɗa" ƙarya ne, alhali in an mai da su alamomin lissafi babu abin da ya raba su sai gaba da baya na alamomi biyu. Ɗalibin da ke koyon wannan da Turanci, harshen da bai gama mallaka ba, kaya biyu yake ɗauka a lokaci guda.

Akwai ma wuraren da Hausa ta fi Turanci fayyace magana. "Duk ɗalibai ba su zo ba" dabam, "ba duk ɗalibai suka zo ba" dabam, kuma ko yaron firamare ba zai rikita su ba, alhali a Turanci jimla ɗaya na iya ɗaukar ma'anonin biyu. Malamin da ya tsaya ya fassara kore irin wannan da Hausa kafin ya rubuta alamarsa a allo bai ɓata lokacin aji ba.

Inda aiki ya rage shi ne keɓaɓɓun kalmomi. Ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya shirya, wanda ya fito a 1990, harshe da adabi da dabarun koyarwa ya shafa. Wanda zai yi wa lissafin ɗaiɗaiku irin wannan aiki, kuskure ne ya fara da ƙirƙira, domin mantiƙi ba baƙo ba ne a makarantun zaure. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kansa, har ya yi musayar baitoci da Suyuɗi game da halaccin karanta shi. Kalmomi irin su muƙaddima da natija da burhani suna nan a bakin malamai.

Dubi kalmar "ko". Mai shayi ya ce, "Shayi ko koko?", ɗaya yake nufi ban da ɗaya. Amma in aka ce, "Wanda ya iya Larabci ko Faransanci ya nemi aikin," ba a kori wanda ya iya duka biyun ba. Lissafi ma'ana ta biyu yake ɗauka, ɗalibi kuwa ta farko ce ke fara zuwa masa. Littattafan mantiƙi na zaure sun riga sun kasa wannan gida uku: wadda ke hana abu biyu haɗuwa, da wadda ke hana a rasa su duka, da wadda ke hana haɗuwar da rashin gaba ɗaya. "Ko" ta lissafi ita ce ta biyu, mani'atul huluwwi. Ta mai shayi kuwa, in har baƙon zai sha wani abu, ita ce ta uku, kuma Hausa tana da "imma dai... ko kuwa" da za a iya keɓe mata.