Kujerun jihohi a zaɓen tsakiyar wa'adi na Amurka

Idan shugaban Amurka ya cinye kusan shekara biyu cikin huɗunsa, akan koma rumfunan zaɓe a watan Nuwamba. Hankalin duniya yakan tafi ga majalisar dokokin tarayya, alhali a ranar ne jihohi 36 cikin 50 ke zaɓen gwamna, kamar yadda aka yi a 2022.

A jihohi da dama, jama'a ne ke zaɓen antoni janar da ma'aji da sakataren jiha da kansu, saɓanin Najeriya inda gwamna ke naɗa kwamishinoninsa. Saboda haka sai ka ga gwamna na wata jam'iyya, antoni janar na wata. A Jojiya, mataimakin gwamna ma takararsa daban.

Kujerar sakataren jiha ce ta fi cancantar a sa mata ido. Amurka ba ta da hukumar zaɓe guda irin INEC ta Najeriya. Kowace jiha ita ke gudanar da zaɓenta, kuma galibi sakataren ne ke kula da aikin. An ga nauyin kujerar a Janairun 2021, lokacin da Brad Raffensperger, sakataren jihar Jojiya, ya ƙi amincewa da matsin lambar Donald Trump na ya sauya sakamakon zaɓen 2020.