Koyar da Tsara Manhajar Kwamfuta a Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira



Abin da ake nufi da tsara manhaja shi ne rubuta wa kwamfuta umarni daki-daki, cikin wani harshe da aka ƙaga dominta, don ta aiwatar da wani aiki. Harsunan nan suna da nahawu mai tsanani, domin waƙafi ɗaya in ya kauce wa muhallinsa, sai aikin ya tsaya cik. Saboda haka, tun daga 1957 da kamfanin IBM ya fitar da harshen FORTRAN, yawancin wahalar mai koyo ta taru ne a kan kiyaye ƙa'idoji. Masana sun yi ta neman rage wannan nauyi. A 1964 John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙago harshen BASIC a Kwalejin Dartmouth ta Amurka domin ɗalibai. A 2007 kuma aka fito da Scratch, inda yaro ke harhaɗa umarni kamar mai jera tubali.

To, sai ga GitHub Copilot a 2021, ChatGPT ya biyo baya a watan Nuwamba na 2022. Da su mutum kan bayyana buƙatarsa cikin magana ta yau da kullum, na'ura ta rubuto masa manhaja nan take. Tambayar da ta fuskanci malamai ita ce: in na'ura na rubutawa, me ya rage a koyar?

Kafin a amsa, wajibi ne a fahimci yadda take aiki. An horar da ita ne da ɗimbin rubuce-rubucen mutane, har ta iya hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo wata. Wato kenan tana iya kawo abin da ya yi kama da daidai, alhali kuwa akwai ɓaraka a cikinsa. Mu ɗauka an sa ta rubuta manhajar lissafin albashi. Tana iya lissafa na kowa daidai, amma ta tsallake ma'aikacin da aka ƙara wa girma a tsakiyar wata. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba. Magidancin da aka tauye wa haƙƙi shi zai ji a jika.

Hausawa sun ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Hanyoyi uku ne zan ambata.

Ta farko, gabatar da karatu kafin rubutu. A 2017 Sue Sentance da abokan aikinta a Ingila suka tsara hanyar da ake kira PRIMM, mai matakai biyar. Ɗalibi zai duba manhajar da wani ya rubuta ya yi hasashen abin da za ta yi, ya gwada ta, ya binciki sassanta, ya sauya wani abu a cikinta, sa'an nan ya ƙagi tasa. Wanda ya saba da haka shi ke iya gano kuskuren na'ura.

Ta biyu, mai da na'urar mataimakin malami. A 2023 Jami'ar Harvard, a darasinta na CS50 ƙarƙashin David Malan, ta samar wa ɗalibai nata mataimakin, wanda aka tsara ya nuna hanya ba tare da miƙa cikakkiyar amsa ba.

Ta uku, sauya salon jarrabawa. Aikin gida kaɗai ya daina zama shaidar iyawa. Don haka sai a zaunar da ɗalibi ya bayyana da bakinsa dalilin kowane layi, ko a ba shi manhaja mai kuskure a ce ya gyara. Da gwaji akan san na ƙwarai.

A taƙaice, wahalar haddace nahawu ta ragu, amma rarraba matsala zuwa ƙananan sassa, da gwada sakamako, da ɗaukar alhakinsa, suna nan a wuyan ɗan Adam. Ɗalibin da ya bar wa na'ura tunaninsa zai sami takardar shaida, ya rasa sana'ar. Ma'aikacin da zai sa hannu a kan aikin da na'ura ta yi kuwa, ya tuna cewa shi za a tuhuma ranar bincike.