Mercedes ko BMW ta hannu: lissafin da ake yi kafin a kawo ta Kore Mairuwa

Kore Mairuwa na bisa hanyar ƙasa mai lamba 1, tsakanin Doso da Dogon Dutsi, don haka duk motar da ke zirga-zirga tsakanin Yamai da Maraɗi sai ta ratsa garin. Cikinsu har da ƙananan motocin alfarma masu ƙirar gudu: Mercedes Classe C, BMW Série 3, Audi A4 da Lexus IS. Suna cikin matakan farko a gidajen kamfanonin da ke ƙera motocin manya. A kasuwar motocin hannu, wadda ta shekara goma sha biyar farashinta kan sauko har ya kusanci na Toyota Corolla da ba ta kai ta tsufa ba. A nan ne ɗan kasuwar da ya ci ribar wake, ko ma'aikacin da banki ya yarda ya ba shi bashi kan albashi, ko ɗan cirani da ya dawo daga kurmi da ƴan kuɗi, yake fara tambayar kansa: me zai hana?

Farashin mota yana sauka da shekaru, na kayan gyaranta ba ya sauka. Famfon ruwa ko na'urar da ke sarrafa giya ta Mercedes ba su san cewa an sayi motar da araha ba. Wanda ke zaune a Kore Mairuwa kuma yana da ƙarin lissafi a kan na mutumin Yamai: nisan bakanike, yanayin hanya da maganar takardu a yankin da ke maƙwabtaka da Najeriya.

Daga ina suke zuwa

Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Oktoba 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyon 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Binciken da hukumomin Holan suka yi a wannan shekarar kan motocin da ake lodawa zuwa Afirka ya samu cewa mafi yawansu sun shekara 16 zuwa 20, da dama kuma ba su da takardar binciken lafiya mai aiki.

Shekara da shekaru hanyarsu ɗaya ce: daga tashar jiragen ruwa ta Anvers a Beljiyam zuwa Kwatano, a hauro ta Malanbil, a ƙetare gada zuwa Gaya. Takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rufe wannan hanya. CEDEAO ta ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma Nijar ta bar gadar a rufe, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kuɗin da ya ƙaru kuma a kan mai saye yake sauka. Haka kayan gyaran da ake odarsu daga waje.

Wannan ya sa idanu suka karkata ga Najeriya, musamman bayan faɗuwar naira tun daga Yuni 2023. Daga Tibiri iyaka ba nisa, Sakkwato da Birnin Kebbi kuma ba baƙin garuruwa ba ne ga mutanen Arewa. Sai dai mota mai lambar Najeriya baƙuwa ce a idon duwan ɗin Nijar. Takardar izinin shigowa da ake bayarwa a iyaka ta ɗan lokaci ce. Wanda zai zauna da motar dole ya biya kuɗin duwan, sannan ya nemi kart giriz da sunansa da lambar Nijar. Wanda bai sa wannan cikin lissafi ba, arhar da ya gani za ta ƙare a shingen jandarma.

Akwai wani tarko da ya fi wannan tsufa. Shekara da shekaru, da yawa daga cikin motocin da aka sauke a Kwatano an riƙa rubuta su a matsayin masu wucewa zuwa Nijar, alhali Najeriya suka nufa. Motar da aka shigo da ita da takardun wucewa ba ta biya harajin zama cikin ƙasa ba. In dillali ya ce "takardu na hanya", to kuɗi ma su kasance na hanya: kada a cika biya sai an riƙe takardar duwan a hannu, an ga lambar shasin da ke kanta ta yi daidai da wadda ke jikin ƙarfe.

Lambar shasi da tarihin mota

Lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17 ita ce sunan motar na gaskiya. Tana ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba a mafi yawan motoci, tana jikin ginshiƙin ƙofa, an kuma buga ta a ƙarfen gangar jiki. Duk wuraren su zo ɗaya. In aka ga alamar walda ko sabon fenti a kewayenta, a bar cinikin. A watan Maris 2025 Interpol ta yi wani samame a ƙasashe 12 na Afirka ta Yamma, ta gano motocin sata kusan 150, mafi yawansu daga Kanada. Motar sata kuwa, ko mutum ya saye ta da zuciya ɗaya, ranar da aka gano ta karɓewa za a yi.

Da wannan lamba ake tono tarihi. Motar Amurka tana da rahoto a Carfax, wanda ake biya a karanta ta intanet. Mai saye na bukatarsa ƙwarai, domin yawancin motocin Amurka masu araha daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, irin su Copart da IAA: sun yi hatsari, ko ambaliya ta shanye su. Hatsari ana gyara shi in bai taɓa shasi ba. Ruwa kam mugun abu ne ga motar da ke ɗauke da ƙananan kwamfutoci da yawa, wasu a ƙarƙashin kafet. Motar za ta tashi lafiya a filin saidawa, bayan wata shida fitilun gargaɗi su fara kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. A ɗaga kafet a sunsuna, a duba tsatsa a ƙarafan ƙasan kujera, a ja bel har ƙarshe a ga ko akwai shatin ruwa.

Ma'aunin kilomita shi ne abin da ya fi sauƙin yi wa ƙarya. Beljiyam ta kafa Car-Pass a 2006 don rubuta kilomitar mota duk lokacin da ta shiga garaji, Faransa kuma ta buɗe HistoVec kyauta a 2019. In mai saidawa na da ɗaya daga cikinsu, madalla. In babu, a karanta jikin motar: sitiyarin da ya yi santsi, robar takalmin birki da ta cinye da kujerar direba da ta lotsa ba na mota mai kilomita dubu 90 ba ne. Motar Amurka kuma da mil take ƙirga. Mil dubu 100 ya haura kilomita dubu 160.

Kowace da ciwonta

Abin da ya sa sayen waɗannan motoci bai zama caca zalla ba shi ne an san cututtukansu.

Mercedes Classe C ƙirar W204, wadda aka yi daga 2007 zuwa 2014, ita ce aka fi nema, kuma ta fi wadda ta gabace ta ƙwari. Injinta mai silinda huɗu, M271, an san shi da sakin sarƙar da ke daidaita lokacin bawul. Alamar ita ce ƙarar ƙarfe ta ƴan daƙiƙu in an tayar da injin yana sanyi. Mai silinda shida, M272, na shekarun farko har zuwa wajen 2008, yana da wani haƙorin ƙarfe a cikinsa da ke cinyewa, gyaransa kuma sai an sauke inji. Sai makullin sitiyari na lantarki: ranar da ya mutu, a sa makulli a murɗa, ba abin da zai motsa, batir kuwa lafiyarsa lau.

BMW Série 3 ƙirar E90, ta 2005 zuwa 2012, ta fi daɗin tuƙi, ta kuma fi rashin haƙuri da zafi. Sassa da yawa na hanyar ruwan sanyaya inji na roba ne, suna bushewa su tsage. A injin silinda shida famfon ruwan na lantarki ne, kan mutu ba sallama. Da yawansu ba su da sandar duba baƙin mai, sai a tambayi allo. Ba su kuma zo da safaya ba, domin an ƙera su da tayoyin da ke iya ɗan tafiya bayan sun yi faci. A nan ana sa musu taya ta kowa da kowa, a manta cewa but ɗin ba safaya ba jak. Mai gazuwal ta 320d mai inji N47 sarƙarta na bayan inji, wurin da hannu ba ya kaiwa.

Audi A4 mai inji 2.0 TFSI ta wajen 2008 zuwa 2011 ta yi suna da shan baƙin mai. Lexus IS 250, wadda aka fara a 2005, ƴar gidan Toyota ce, kuma a duk jerin ita ce ta fi barin mai ita ya yi barci. Aibinta dauɗar da ke taruwa a bawul da allon gaba da kan yi danƙo a rana.

Mai gazuwal ta zamani ta cancanci a yi nesa da ita, duk da ƙarancin shan mai. Matatar hayaƙin da ke cikin salansarta an yi ta ne don gazuwal mai ƙarancin farar wuta da doguwar tafiya. In ta toshe, kwamfutar motar sai ta rage wa inji ƙarfi. A Dallol Mauri, inda jarka da kwalba a bakin hanya ba su daina aiki ba, mai fetur ta fi aminci, kuma ita ma a tashar mai ya kamata a shayar da ita.

Hanya, zafi da nisan bakanike

A kan kwalta motocin nan ba su da abokin yi. Matsalar tana farawa inda kwalta ta ƙare. Tsakanin cikinsu da ƙasa bai kai santimita 15 ba, alhali na Hilux ya haura 20. Ban da Audi, yawancinsu tayoyin baya ne ke tura su, shi ya sa rairayi ke kama su da wuri. Tayar mai siririn gefe tana da kyan gani, amma rami ɗaya kan lanƙwasa wili. Wanda harkarsa ke kai shi gona ko kasuwannin ƙauyukan cikin dallol, balle da damina, ya san cewa zai bar motar a gida ya hau babur. Ke nan mota ta biyu ce ya saya kafin ya mallaki ta farko.

A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ce. Littafin motar na Turai yana ba da damar kilomita dubu 25 zuwa 30 kafin a canza baƙin mai. A nan ko rabin haka ya yi yawa, kuma man da ake so mai tsada ne, ba na auno ba. Fetur shi ne mai sauƙin lissafi. Injin silinda shida da ke shan lita 11 a kilomita 100 zai ci lita 55 a zuwa Yamai da dawowa da ɗan zagaye cikin gari, wajen kilomita 500. Bisa farashin sefa 499 da aka tsayar a Yuli 2024, jika 27 ke nan da ɗoriya.

Babban lissafin shi ne na ranar da ta tsaya. Bakaniken da ya ƙware a Toyota da Peugeot da kunne yake gano ciwo. Waɗannan kuwa sai an jona musu na'urar bincike, wadda makanikai ke kira baliz, kuma mai ita ya iya karanta abin da ta faɗa. Irinsu a Yamai suka fi yawa. Kayan gyara ko dai daga kasuwar Ferraille ta Yamai, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko a yi oda a jira. Ba a kuma jan mota mai giyar atomatik da igiya nesa: littattafan kamfanoni sun taƙaita nisan da za a ja ta, don giyar na ƙonewa. Daga Kore Mairuwa sai a ɗora ta bisa wata mota. Saboda haka tun kafin ciniki mutum ya san sunan bakanikensa da lambar wayarsa, ya tambaye shi wace ce ya iya. Amsarsa ta fi ta dillali nauyi, tun da dillali la'adarsa na ƙarewa ranar da aka miƙa makulli.

In aka auna duka, Lexus IS ko Classe C mai fetur da silinda huɗu, mai tayoyi masu kauri, su ne suka fi dacewa da wanda ya riga ya ƙudura. Mai ƙofa biyu kuwa, irin Classe C coupé ko BMW E92, mutum huɗu take ɗauka, na baya sai an kwantar da kujera su shiga. A garin da mota ɗaya ke kai mara lafiya asibitin Dogon Dutsi ta kuma ɗauko amarya, masu sayenta ranar da aka tashi saidawa ba su da yawa.

Ranar duba mota a je da sassafe, kafin a tayar da ita. A taɓa inji a tabbatar yana sanyi, domin wanda aka riga aka ɗumama ya ɓoye ƙarar sarƙa. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba: fitilun gargaɗi duka su kunnu, har da ta jakar iska, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kunnu ba ko kaɗan, wataƙila cire ta aka yi. A yi tuƙin aƙalla rabin awa da na'urar sanyi a kunne, ana kallon allurar zafi. A nemi makulli na biyu, don yin sabo a waɗannan motoci aiki ne na kwamfuta. In miliyon biyar ke hannu, a nemi motar miliyon huɗu, sauran ya tsaya don tayoyi, batir, mai, asirans da binyet na shekarar farko. Takardar ciniki kuma a rubuta mata lambar shasi cikakkiya, a kai ta ofishin magajin gari ko na ƴan sanda a buga mata hatimi, mai saidawa na tsaye da katinsa na ɗan ƙasa.