Kujerar Ranar Jere Da Kujerar Shekarun Goyo

A yawancin gidajen Hausawa, wadda za ta shekara goma tana sharar kujerar falo ba ita ke zaɓen ta ba. Iyayen amarya ne ke sayen kayan ɗaki, kuma ranar da suka shiga wurin kafinta, idon 'yan jere da 'yan ganin ɗaki ne a ransu. Shi ya sa ake ɗauko mai ruwan madara, mai karan-miski, mai maɓallan ƙarau jere a majingina, mai katakon da aka sassaƙa aka shafe da ruwan gwal. Ranar buɗar kai kam sai dai a ce masha Allah. A ba ta shekara uku, Allah Ya kawo rabo, ɗaya na tatata ɗaya na goye, sai a tarar an lulluɓe kujerun da tsofaffin zannuwan gado, ko kuma an garƙame falon gaba ɗaya, ba a buɗewa sai an yi baƙi.

Babu kujerar da yaro ba zai ɓata ba, kuma duk mai shagon da ya ce tasa ba ta kama datti, ciniki yake nema. Abin da ya kamata mai saye ya tambayi kansa shi ne: idan kofin kunu ya kife a kanta, ina kunun zai tsaya? Kujera hawa uku ce. Akwai yadi ko leda a sama, soso a tsakiya, katako a ƙasa. Abin da ya tsaya a sama, tsumma da ruwan sabulu sun ishe shi. Abin da ya ratsa ya shiga soso ya samu wurin zama, domin soso na shanye ruwa ya riƙe, madara ta yi tsami a ciki, fitsari ya bushe ya bar zarnin da ke tasowa duk lokacin da damina ta kawo laima. Turaren wuta da humra suna rufe warin na 'yan sa'o'i ne kawai.

Wannan matsala ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Wajajen 1980 kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ya fito da wata kujera mai suna Klippan, wadda Noboru Nakamura, ɗan ƙasar Japan, ya zana. Abin da ya jawo ta shi ne wani ma'aikacin kamfanin, Lars Engman, ya ga yadda yara suka yi wa kujerarsa mai tsada kaca-kaca a gida. Sai aka yi wadda ba ta da tsayi sosai, ba ta da kusurwa mai kaifi, sannan, babban abin, ana tuɓe mata riga a jefa a injin wanki. Dabarar ba ta buƙatar wata masana'anta ta ƙasar waje. Duk kafintan da ke haɗa kujera a Kano, Zariya ko Maraɗi zai iya yin kushin da ake ɗagawa, ya sa wa kowace riga zif a baya. Ba ya yi ne don ba a ce ya yi ba, kuma ɗaure yadi da ƙusa a jikin katako ya fi masa sauƙi da sauri.

Mutane da dama da suka gaji da wanki kan gudu zuwa leda, kuma a shekarar farko suna ganin sun huta: a zubar da koko, a goge, shi ke nan. Amma abin da ake kira leda a kasuwa ba abu ɗaya ba ne. Akwai ta PVC, mai ɗan tauri da ƙyalli, wadda sinadarin da ke sa ta laushi yake ficewa a hankali cikin zafi har ta bushe ta tsattsage. Akwai ta PU, mai taushi kamar fatar gaske, wadda zafi da laima da gumi ke cin saman ta har ya soma ɓarewa. Akwai kuma wadda aka niƙa guntayen fata aka haɗa da gam aka shafe samanta, mai sayarwa ya rantse fata ce, alhali ta fi saurin ɓarewa. Da zarar ɗan wuri ya ɗago, yaro ya samu aikin yi, da farce zai bi shi har sai hannun kujerar ya koma fari, wani lokacin ma ya kai ɓawon baki. Ga kuma watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, an ɗauke wuta, mutum ya zauna a kan leda bayansa ya manne. Wanda duk ya zaɓi leda, ya nemi mai kauri wadda bayanta ke da saƙa mai ƙarfi, ya nisanta ta da taga, kuma ya sa a ransa cewa zai sake rufi bayan 'yan shekaru.

Fatar gaske wani zance ne. Tana daɗewa, ba ta ɓarewa, kuma irin wadda aka shafa wa launi da kariya a sama tana jure ɓarin yara fiye da kusan komai. Irin wadda aka bari da taushinta ba kariya kuwa tana shan mai nan take, ɗigon manja ɗaya ya zauna har abada. Matsalarta kuɗi. Abin mamaki ne a ce ƙasar da ke da masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa na Kano, wadda fatar jan akuyar Sakkwato ta yi suna a Turai tun ƙarnoni, kujerar fata ta zama sai wane da wane. Dalilin kuwa kujera ƙirgin saniya take buƙata saboda faɗinsa, shi kuma ƙirgi a Najeriya tukunya ke rige majemi, ana cinye shi ganda. Mai fata ya sani hunturu na busar da ita, tana son a riƙa shafa mata man da aka yi dominta.

Ga iyali mai matsakaicin ƙarfi, yadi ne zaɓin da ya fi hankali, amma ba kowane yadi ba. Wanda aka saƙa da foliyesta, saƙa matsattsiya, shi ne abokin mai yara, saboda zaren foliyesta ba ya shan ruwa kamar auduga, yana saurin bushewa, ba ya tsukewa idan an wanke. A cikinsa akwai maikurofaiba, mai zaren da ya fi na siliki siriri, wanda Miyoshi Okamoto da abokan aikinsa na kamfanin Toray a Japan suka fito da fitaccen nau'insa a 1970. Matsewar zaren kan sa ruwa ya ɗan tsaya a sama kafin ya nutse, kuma waɗannan 'yan daƙiƙun su ne ratar da uwa ke buƙata ta ɗauko tsumma. Yana da nasa aibin: yana son maiƙo, kuma idan aka jiƙa wuri ɗaya kawai yakan bar zobe bayan ya bushe, don haka ake goge fuskar kushin gaba ɗaya daga ɗinki zuwa ɗinki.

Karan-miski, wanda amare ke mutuwar so, ya rabu biyu. Na foliyesta yana jure gugar tsumma ba laifi. Na auduga ko biskos kuwa ruwa zalla ma na ɓata shi, gashinsa ya kwanta, wurin ya sauya launi. Auduga da lilin suna da sanyi a jiki, amma suna shanye zoɓo kamar ana rina su, sai dai idan rigar cirewa ce, kuma a tabbata an jiƙa yadin an shanya kafin a yanka, in ba haka ba wankin farko zai tsuke rigar ta ƙi shiga. Yadi mai madaukai ko saƙa sakwa-sakwa ba na gidan yara ba ne, ɓurɓushin biskit da tsakin gyaɗa a ciki suke kwana.

Ba sai mutum ya yarda da bakin mai shago ba. Ya roƙi ƙyalle ɗan tafin hannu, ya ɗiga masa ruwa ya ga ko zai taru ko zai nutse nan da nan. Ya goga masa farin tsumma mai danshi ya ga ko yana zuba. Ya karce shi da farce, ya ɗaga shi saitin rana, idan haske na ratsawa sosai saƙar ba ta matsu ba. Wasu yadikan da ake shigowa da su suna ɗauke da lambar gwajin Martindale, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1940, inda na'ura ke ta gugar yadi har sai ya soma lalacewa a ƙirga zagayen. Na gidan da ake yawan zama da tsalle-tsalle, a nemi mai 25,000 zuwa sama. Kujerun da aka yi wa kasuwar Amurka kuma sukan zo da harafi a ƙarƙashin kushin: W na nufin ana goge ta da ruwa, S sai da sinadarin wankin da ba ruwa, WS kowanne ya yi, X kuwa burushi da injin zuƙar ƙura kawai. Mai yara ya ga S ko X, ya ƙara gaba.

Launi ma akwai kuskuren da ake yawan yi. Wanda ya ji jiki da fari sai ya koma baƙi ko shuɗi mai duhu, ya manta da hazo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tana sauka fari-fat a kan duk abu mai duhu, a share da safe, kafin la'asar yaro ya iya rubuta sunansa a kai. Ruwan ƙasa, ruwan toka mai matsakaicin duhu, ko yadi mai zane da launuka a cakuɗe, su ke ɓoye ƙura da tabo a lokaci guda.

Sai siffar kujerar. Kowane rami da maɓalli ya yi a majingina ma'ajiyar datti ce, kowane lungun sassaƙa aikin burushi ne, kuma ɗinki da naɗe-naɗe masu yawa su ne maɓoyar kuɗin cizo idan ya shigo gida. Maɓallan ƙarau suna da haɗarin da ya wuce datti, yaro ɗan ƙasa da shekara uku zai iya ɓalle ɗaya ya haɗiye ya shaƙe. Ƙafafu su ɗaga kujerar yadda tsintsiya da abin goge ƙasa za su shige, don kujerar da ta zauna daɓas a ƙasa tana tara cokula, silifas da guntun rake, ruwan mopin kuma yana jiƙa katakonta.

A ciki kuwa, a tambayi irin soson da za a sa. Vitafoam, wanda aka kafa a 1962, da Mouka sunaye ne da kowa ya sani, amma kowane kamfani yana da soso hawa-hawa, kuma nauyinsa ake dubawa. Na wurin zama ya kai kilo 30 a kowace kubik mita, ko sama da haka. Mara nauyi yana lotsawa, rigar ta yi sako-sako, ruwa ya samu kwarin da zai taru. Abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ne a sa wa soson rigar ciki ta yadin da ruwa ba ya ratsawa, irin wanda ake shimfiɗa wa jarirai a katifa, sannan rigar ado ta hau kai. Ga gidan Musulmi wannan ya wuce batun wari. A mazhabar Malikiyya da akasarin Hausawa ke bi, fitsarin jariri najasa ne, namiji ko mace, kuma da ruwa mai tsarki ake gusar da shi. Rigar da ake cirewa ana kai ta bakin famfo a wanke ta tas. Soson da aka ƙusance a jikin katako kuwa sai dai a yi ta kokwanto duk lokacin da Malam ya zauna da kayan sallarsa.

Idan ɓarin ya auku, sauri ya fi kowane sinadari. A danna busasshen tsumma ya tsotse, kada a cuɗa, cuɗawa na tura abin cikin zare ya faɗaɗa shi. Madara, ƙwai, jini da amai ruwan sanyi suke so, ruwan zafi dafa su yake yi su manne. Manja da man gyaɗa a barbaɗa musu hoda ko garin sitaci su tsotse na ɗan lokaci, a kaɗe, sannan a bi da ɗigon sabulun wanke-wanke. Fitsari a tsotse shi, a wanke da ruwa, a bi da ruwan khal da aka sirka saboda zarni, a kai kushin rana. Biro yakan fita da ɗan sifirit a auduga, bayan an gwada a ɓoyayyen wuri. Lalle kam, musamman idan ya kwana, gara a juya kushin. Hypo da Jik suna cin launin yadi, kuma haɗa su da khal ko zuba su a kan fitsari na tayar da iska mai guba, abin da bai kamata ya faru a ɗakin da jariri ke rarrafe ba.

Akwai kuma maganin fesawa da ake tallatawa cewa yana hana yadi kama tabo. Mafi shahara shi ne Scotchgard na kamfanin 3M, wanda ya shiga kasuwa a 1956. A 2000 kamfanin ya sanar da daina amfani da sinadarin PFOS da ke cikinsa bayan an gano yana taruwa a jinin mutane ba ya narkewa a muhalli, a 2009 kuma aka sa shi cikin jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta taƙaita. An sauya haɗin tun tuni, amma gwangwanin da ba a san abin da ke ciki ba bai cancanci a fesa shi a hannun kujerar da mai haƙori ke gwaguya ba. Wanki ya fi shi aminci.

Wanda ya riga ya mallaki kujerun jere ba sai ya sayar ba. In dai katakon na da kyau, maɗaci ne ko wani mai ƙarfi da gara ba ta taɓa ba, kafinta zai iya kwance tsohon rufin, ya raba wurin zaman zuwa kushin-kushin, ya sa rigar ciki da zif, a kan kuɗin da bai kai na sabon saiti ba. Wurin sayen yadin a ƙara 'yan yaduka a ɗinka riga biyu-biyu, musamman ta kushin zama da hannuwa inda aka fi ɓatawa, domin bayan shekara biyu da wuya a sake samun irin launin a Kantin Kwari.